Yadda zaka duba tsofaffin littattafan Kirista na rubutun hannu a wayarka, kana zaune a Jos

Wata Lahadi cikin Disamba ne, irin sanyin Jos ɗin nan da ko shayi ka zuba kafin ka kai baki ya huce, bayan an tashi sujada muna tsaye a rana muna shan hantsi sai gardama ta ɓarke kan wani bidiyo da ake ta turawa a WhatsApp, wai an tono ainihin Littafi a wani kogo kuma wai manya suna ɓoyewa. Kowa na faɗin nasa, babu wanda ya taɓa ganin ko shafi ɗaya na tsohon rubutu da idonsa. Akwai wani Baba Fasto mai ritaya a cikinmu, a Bukuru yayi karatunsa tun ba a haife mu ba, yace shi duk zamansa a makaranta hoto ɗaya tak ya gani na irin littattafan nan, baƙi da fari, a bayan wani littafin darasi, shima ya dushe. Sai na ciro waya na buɗe masa Codex Sinaiticus, wani tsohon kwafin Littafi Mai Tsarki na rubutun hannu, na ja hoton da yatsu biyu ya girma har ana ganin ƙofofin gashi a jikin fatar. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo, can yace "ɗana, wannan ɗin a Landan yake ko a hannunka?" Nace Baba duk biyun.

Toh shi ne nace bari in rubuta yadda ake yi, don abin ba wani sirri bane, kuma kyauta ne in ka cire kuɗin data.

Ka fara da Sinaiticus ɗin nan. Ka rubuta codexsinaiticus.org a burauza, in da hali ka sa wayar ta nuna maka shafin irin na kwamfuta don a ƙaramin allo abubuwan suna cunkushewa. Littafi ne na ƙarni na 4, da Helenanci, a kan fatar maraƙi da ta tumaki, yawancin shafukan an raba su gida huɗu a tsaye. A gidan sufaye na Santa Katarina da ke gindin Dutsen Sinai a Masar ya zauna shekara da shekaru har wani Bajamushe Constantin von Tischendorf ya je 1844 ya tafi da ganye 43 zuwa Leipzig, ya sake komawa 1859 aka kwashi mafi yawan sauran zuwa Rasha, sannan 1933 gwamnatin Sobiyet da take neman kuɗi ta sayar wa Ingila a kan fam 100,000. Shi Tischendorf yace a kwandon shara ya tsince su za a ƙona, su kuma sufayen basu yarda da wannan labarin ba har gobe, ni dai ban je ba. A 1975 aka sake gano wasu ganyayyakin a wani ɗaki a can gidan sufayen. Kaga kenan littafi ɗaya ya watse gari huɗu, Landan, Leipzig, Saint Petersburg da Sinai, kafin 2009 in kana so ka ga dukkansa sai ka nemi biza kala-kala. A shekarar ne aka haɗa hotunan wuri guda a intanet, hoto a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma an kwafe rubutun harafi bayan harafi, kana zaɓar littafi da sura da aya ya kai ka wurin.

Shawarata kada ka shiga kana ta lilo daga shafi zuwa shafi kamar mai kallon hotunan biki, data zata ƙare baka koyi komai ba. Ka zaɓi wuri ɗaya da ka sani da ka. Ni da Yohanna 1:1 na fara. Abin da zai fara baka mamaki shi ne babu tazara tsakanin kalmomi, babu waƙafi irin namu, babu lambar sura balle ta aya, haruffa ne manya a jere kamar an shuka masara, ΕΝΑΡΧΗΗΝΟΛΟΓΟϹ, wato "tun fara akwai Kalma". Surori sai ƙarni na 13 aka yanka su, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma 1551 wani mai ɗab'i Robert Estienne ya sa. Haruffan Helenanci 24 ne kacal, wlh in ka zauna da gaske kwana uku sun isa ka haddace su, wanda ya iya haddace lambar waya goma ba zasu gagare shi ba. Abu biyu zaka kula, harafin S a irin wannan rubutun kamar C ake yinsa, sannan sunaye masu tsarki ba a cika rubuta su duka, ana ɗaukar harafin farko da na ƙarshe a ja layi a sama: ΘϹ Allah, ΚϹ Ubangiji, ΙϹ Yesu, ΧϹ Kristi. Da ka gane waɗannan huɗun shafin zai fara yi maka magana, zaka rinƙa hango su nan da can kamar fuskar 'yan gida a cikin kasuwar Terminus.

Daga nan sai ka je inda ake gardama, ƙarshen Markus. Ka ɗauko Littafi Mai Tsarki naka na Hausa ka buɗe sura 16, a wasu bugun zaka ga an saka aya 9 zuwa 20 a cikin baka ko an yi ɗan bayani a ƙasa cewa wasu tsofaffin kwafi basu da su, yawancinmu tsallake wannan bayanin muke yi. Yanzu ka nemo Markus 16:8 a Sinaiticus. Matan sun fito daga kabari a guje, suna jin tsoro, ΕΦΟΒΟΥΝΤΟΓΑΡ, shikenan sai ɗan ado da sunan littafin, Luka ya biyo. Sai ka buɗe wani shafin burauza ka shiga digi.vatlib.it na ɗakin karatun Fatikan, ka nemi Vat.gr.1209, shi ne Codex Vaticanus, shima ƙarni na 4, shi gida uku ake raba shafinsa. A nan ma a aya 8 aka tsaya, amma abin da zai sa ka tsaya kaima shi ne marubucin ya bar gida ɗaya fanko bayan nan, abin da bai saba yi ba a Sabon Alkawari, fata kuwa lokacin tsada gareta ba a barinta haka kawai. Masana na ta kai da kawowa kan ko ya san da sauran ayoyin ya bar musu wuri. Kuma kafin wani ya ruga da gudu yace to ashe ƙari ne, ka sani Codex Alexandrinus na ƙarni na 5 yana da su, mafi yawan kwafe-kwafen Helenanci suna da su, kuma wani bishop na zamanin da, Irenaeus, ya kawo aya ta 19 a rubutunsa wajen shekara ta 180, tun kafin a haifi dabbobin da aka yi Sinaiticus da fatarsu. Ba wai na kawo wannan don in yanke maka hukunci bane, ni abin da ya dame ni shi ne mutum ya ɗaga murya a majalisa kan abin da bai taɓa buɗewa ba alhali yana aljihunsa.

Tunda kana cikin Vaticanus kada ka fita baka je Ibraniyawa 1:3 ba, wannan don nishaɗi. Wani ya gyara kalma ɗaya a ayar, wani da ya zo bayansa da ƙarnuka ya ji haushi ya mayar da ita yadda take ya rubuta a gefe, ma'anar maganar ita ce kai jahili mugu, bar tsohon yadda yake, kada ka canza. Ranar da na nuna wa Baba Fasto sai da yayi dariya har da tari, yace ashe dattawan kwamiti ba yau aka fara su ba.

In ka fara jin daɗi to lokaci yayi da zaka koyi lambobi, don ba a neman waɗannan littattafan da suna kawai. Kwafe-kwafen Sabon Alkawari na Helenanci sun kai wajen 5,800, daga guntun da bai kai tafin hannu ba zuwa cikakken littafi, kuma wata cibiya a Jami'ar Münster ta Jamus da Kurt Aland ya kafa 1959 ita ke riƙe da rijistarsu. Waɗanda aka rubuta a kan takardar papiras, wato wadda Misirawa ke yi da wata ciyawar bakin Nilu, lambarsu da P take farawa. Masu manyan haruffa a kan fata da sifili, Sinaiticus 01, Alexandrinus 02, Vaticanus 03. Masu ƙananan haruffa lamba ce zalla, na karatun sujada kuma ana sa musu l a gaba. Dandalinsu sunansa NTVMR, ka rubuta haka a Google zai fito, ka buɗe akawun kyauta ne. Wata 'yar dabara, a can ciki P52 ana rubuta shi 10052, 01 kuma 20001, ƙananan haruffa da 3 suke farawa, na sujada da 4, in baka san wannan ba sai kayi ta dannawa kana zargin netwok. Gaskiya dandalin ba shi da kyan gani, an yi shi ne don masu aiki ba don 'yan kallo ba, hotuna da yawa daga tsohon fim baƙi da fari aka ɗauko su, wasu kuma a kulle suke sai da izini saboda masu littafin basu yarda ba. In kana son hoto mai launi garau ka gwada na CSNTM, cibiyar da Daniel Wallace ya kafa 2002 a Texas, su aikinsu kenan yawo da kyamara daga Albaniya zuwa Girka suna ɗauka.

Guda biyu zan ce ka nema a can. P52 yana Manchester, faɗinsa kamar santimita 6 tsawonsa 9, katin ATM ne kusan, gaba da baya ɗauke da 'yan kalmomi daga Yohanna 18 inda Yesu ke gaban Bilatus, an fi sa shi a ƙarni na 2 kodayake ana jayayya kan farkonsa ne ko ƙarshensa. Sai P115, guntayen Ru'ya ta Yohanna da aka tono a juji a Masar, a cikinsa lambar dabbar nan ba 666 bace, 616 ce. Ka tuna yawan wa'azin da ka ji an lissafa sunan wani shugaba ko wata na'ura ya faɗa 666 daidai.

Maganar shekaru kuma, ka rinƙa taka-tsantsan. Yawancin tsofaffin babu kwanan wata a jikinsu, da salon hannu ake kimantawa, a kwatanta shi da wata takardar da aka san shekararta, kamar yadda zaka ga rubutun kakanka na makarantar mishan ka gane ba na ɗan yanzu bane. Irin wannan kimantawar tazarar shekara 50 ko 100 ba komai bace a cikinta. Duk wanda yace maka an rubuta guntu kaza a shekara kaza cif-cif ba tare da marubucin ya sa kwanan wata ba, ka bar shi da labarinsa.

Yanzu inda abin yafi burge ni. Duk wanda ya taɓa zama kusa da makarantar allo ya san in almajiri ya wanke allo ya shafa farar ƙasa, in ka karkata shi a rana zaka ga inuwar tsohon rubutun tana nan. Haka sufayen da suke yi da fata, in ta yi ƙaranci sai a ɗauko tsohon littafi a kankare a wanke a rubuta sabo a kai, wani lokaci har sau biyu. Masanan ƙarni na 19 da suka so karanta na ƙasan sinadari suka rinƙa shafawa, rubutun ya fito na ɗan lokaci, fatar kuma ta ɓaci, je ka duba Codex Ephraemi a Gallica, dandalin ɗakin karatun ƙasar Faransa, zaka ga shafukan sun yi shuɗi-shuɗi da baƙi. Yanzu ba a taɓa shi da komai. Ana shiga da shafin ɗaki mai duhu a haska shi da fitilu kala-kala ɗaya bayan ɗaya, daga irin shuɗin hasken nan da ake duba jabun kuɗi da shi a banki har zuwa wanda ya wuce ja ido baya gani, kowanne a ɗauki hoto, shafi ɗaya sai yayi hoto gommai. Fata tana ƙyalli a ƙarƙashin wancan shuɗin hasken, inda tsohuwar tawada ta ci kuma sai ya zauna da duhu, sai kwamfuta ta haɗa hotunan ta danne rubutun sama ta ɗago na ƙasa, sau da yawa a ba shi jan launi don ido ya rarrabe. Tsakanin 2011 da 2016 an yi wa irin waɗannan littattafan guda 74 haka a Santa Katarina, shafi kusan 6,800, har da rubutu cikin harsunan da suka mutu tuntuni kamar na Albaniyawan Kokeshas, kuma Jami'ar UCLA ta ɗora su a intanet, rijista kawai zaka yi. A 2022 aka bayyana cewa a ƙarƙashin wani littafin Kirista na Suriyanci an samu wani yanki na lissafin taurarin Hipparchus, masanin Girka da ya rayu kafin haihuwar Yesu, abin da aka ɗauka ya ɓata. A 2023 kuma Grigory Kessel ya karanto wani yanki na Matiyu 12 cikin tsohuwar fassarar Suriyanci a wani ganye a Fatikan da aka kankare sau biyu. Jaridu suka ce an gano ɓoyayyar sura, ba wata ɓoyayyar sura, Matiyu 12 ɗin da ka sani ce, tsufan fassarar ne labarin.

In ka shiga irin wannan dandalin dabarar ita ce ka buɗe hoton ido na yau da kullum da wanda aka sarrafa gefe da gefe, kada ka yarda da mai launin shi kaɗai, don sarrafawa kan iya mayar da tabon ruwa ko rubutun bayan shafi ya zama kamar harafi.

Sai wani abu da mu nan muke da shi wanda Bature sai ya biya kuɗin makaranta kafin ya samu, wato ido ya saba da rubutun Larabci na hannu. Kiristocin Gabas sun yi rubutu da Larabci fiye da shekara dubu. A 1950 ɗakin karatun majalisar Amurka ya ɗauki littattafan Sinai sama da 1,600 a fim, yanzu suna dandalinsu kyauta, ka nemi Sinai Arabic 151, wasiƙun Bulus ne da wani Bishr ibn al-Sirri ya fassara daga Suriyanci a Dimashƙu, kuma akwai kwanan wata a jikinsa, watan Ramadan shekara ta 253 ta Hijira, wato 867. Na kai wa wani Malam maƙwabcinmu, dattijo mai almajirai, nace Allah gafarta Malam ko zaka iya karanta min wannan. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da fuska, ya ɗan yi tuntuɓe a layin farko don hannun ba irin na Warash da ya saba bane, ɗigon fa da ƙaf ba a inda yake tsammani suke ba, amma kafin a kira la'asar ya sauke rabin shafi, yana yi yana cewa "yaro, wannan mai alƙalamin ya iya fiƙe kara". Abin da ni da 'yar Helenancina zan kwana uku a kai. Shi yasa nake ce wa ɗaliban tauhidi na JETS da TCNN da na Saint Augustine, wanda duk ya iya ajami a cikinku kada ya raina wannan, ku shiga vhmml.org, na wasu sufaye ne a Minnesota da suka fara ɗaukar littattafai a fim tun 1965, akwai darussan koyon karanta tsohon hannu na Larabci da Suriyanci da Latin kyauta. Su ne suka ɗauki dubban littattafan cocin Habasha daga 1973, su ne suka yi aiki da wani limamin Katolika a Iraƙi Najeeb Michaeel wanda ya loda littattafai a mota ya gudu da su 2014 da 'yan ta'adda suka doso, kuma su ɗin dai suka ɗauki littattafan Musulunci na Timbuktu da aka kai Bamako. Ka nemi Linjilar Garima ta Habasha ma, wadda gwajin kabon na gano shekarun abu ya sa kundi ɗaya tsakanin 390 da 570, ɗayan 530 zuwa 660, don masu cewa Kiristanci da jirgin Turawa ya shigo Afirka.

Masana kuma yadda suke aikin ya canza. Da mutum ne zai zauna da kwafi biyu yana bi da yatsa yana rubuta bambanci a kati, yanzu ana kwafe kowane littafi cikin kwamfuta, mutum biyu daban-daban su yi sannan a gwama a gyara, inji ya jera su aya-aya ya fitar da duk inda suka saɓa. Yawancin saɓanin ba wani abu bane, kuskuren harafi ne ko ido ya tsallake layi saboda layi biyu sun ƙare da kalma iri ɗaya, duk wanda ya taɓa kwafar darasi daga allon aji ya san wannan. A Münster wani Gerd Mink ya ƙirƙiro hanyar lissafi da ke bin salsalar karatu, wanne ya haifi wanne, kuma ita ta sa a bugu na 28 na Sabon Alkawarin Helenanci na Nestle da Aland da ya fito 2012 aka canza wasu wurare, misali Yahuza aya 5 inda da ake karanta Ubangiji ne ya ceci jama'a daga Masar yanzu an sa Yesu. Wata rana irin wannan zai iso fassarar Hausa, gara ka san daga ina ya fito.

Akwai manhajojin da ake koya wa karanta rubutun hannu, Transkribus da eScriptorium, ka kwafe musu shafuka da hannunka su koyi hannun marubucin su ci gaba, suna taimakawa in littafin dogo ne hannu ɗaya. Amma dan Allah kada ka ɗauki hoton shafi ka tura wa irin manhajar hirar nan mai ƙirƙirarriyar basira kace ta karanta maka. Na gwada da wani shafi da na riga na san marubucin ya tsallake kalmomi, ta kawo min ayar cikakkiya sumul, wato ba karantawa tayi ba, hadda ta zubo daga bugun zamani. Kuma abin da ya ɓace ɗin shi ne ainihin abin da ka je nema.

Mu koma kan bidiyon WhatsApp. In aka turo maka irinsa tambaya uku zaka yi, a wane ɗakin karatu littafin yake, mece ce lambarsa, kuma daga hannun wa zuwa hannun wa ya bi kafin ya iso can. Babu amsa, to ƙanzon kurege ne. Ko manya ana yi musu, 2012 wata farfesa a Harvard, Karen King, ta nuna wani guntu da Kibɗanci, tsohon harshen Kiristocin Masar, da aka ce Yesu ya ambaci matarsa, duniya ta ɗauka, ashe wanda ya ƙirƙira daga wani fayil na Linjilar Toma da ke intanet ya kwafo, har da kuskuren bugun da ke cikin fayil ɗin, 2016 ita da kanta ta yarda alamu sun nuna jabu ne. Sannan a daina haɗa Barnaba biyu. Wasiƙar Barnaba tsohuwa ce, tana ƙarshen Sinaiticus zaka iya buɗewa yanzu. Linjilar Barnaba da ake yawan ambata a gardamar bakin titi daban take, kwafinta da aka sani biyu ne, na Italiyanci a Vienna daga ƙarshen ƙarni na 16 da na Sifaniyanci na ƙarni na 18 a Sydney.

Ɗan abin da ya rage na aiki ne. Hotunan nan nauyi garesu, ka bari sai garabasar dare, ka tabbatar da caji don wuta ba ta da alkawari. Duk shafin da ka duba ka rubuta a littafinka sunan ɗakin karatu, lambar littafin da lambar ganye, r na nufin gaban ganye v kuma bayansa, in ba haka ba bayan wata ɗaya zaka tarar da hotuna hamsin a waya baka san na wane bane. Inda aka yarda a sauke ka sauke ka ajiye, don intanet ma ba dutse bane, Oktoban 2023 'yan kutse suka afka wa ɗakin karatun Birtaniya hotunan littattafansu suka daɗe a rufe, a hankali ake ta maido su. In zaka sa hoto a littafi ko mujalla kuma ka duba sharaɗin masu shi.

Da Malam ya miƙo min wayata sai ya shiga ɗaki ya fito da wata gafaka, fatar duk ta bushe ta tsage, ciki ganyayyaki ne warwatse na kakansa, gara ta ci gefe ɗaya. Baba Fasto ma yace akwai rijistar baftisma da littafin waƙoƙi na hannu a wani akwatin ƙarfe a ƙauyensu da ba wanda ya buɗe tun rasuwar mai bishararsu. Garin nan kuma mun san abin da gobara ta ci a rikice-rikicen baya, ba sai na faɗa ba. In kana da irin wannan a gida wayarka ta isa ka fara. Ka nemi izinin mai shi, ka wanke hannu ya bushe, ka shimfiɗa baƙin ƙyalle kusa da taga inda rana bata dukan takardar kai tsaye, ka kashe filasha, ka ajiye rula a gefe, ka ɗora wayar a kan wani abu ta tsaya cak daga sama. Ka ɗauki gaba da baya har shafin da ba rubutu, har gafakar kanta. Kada ka sake jera ganyayyakin yadda kake gani ya dace, ka ɗauke su yadda ka same su, kalmar nan ɗaya da ake rubutawa a can ƙasan shafi ita ce farkon ganye na gaba, da ita za a jera daga baya. Banda salatif, banda gam, banda kai wa masu shago su liƙe da leda. Ka ɗaga ganye ɗaya a haske ka ɗauka, in ka ga jinjirin wata uku a jikin takardar to irin ta Italiya ce da fatake suka rinƙa shigowa da ita ta Sahara. Hotunan ka ajiye su wuri biyu, ka tura wa mai littafin nasa.

Na Malam ganye 61 ne, mun yi 20 ranar Asabar hadari ya taso haske ya gudu, sauran sai wani satin.